Abin da ke ƙarƙashin kufai

Jama'a masu kallo, duk wanda ya taɓa haƙa ramin tushen gini a unguwar Birni ta Damagaram ya san cewa ba a yin nisa sai an ci karo da tsingaro, toka da ƙasusuwan dabbobi. Magini yakan watsar da su gefe, amma ga masanin tonon kayan tarihi, su ne shaidar mutanen da suka riga mu zama a wurin.

Dalilin taruwar waɗannan tarkace ba ɓoyayye ba ne. Gidan ƙasa idan damina ta rushe shi, magada sukan baje ɓaraguzan su ɗora sabon gini a kai, har unguwa ta yi tudu. Saboda haka ƙasar ta zama hawa-hawa, kuma na ƙasa ya girmi na sama, sai fa inda wani ya haƙa rijiya ko kushewa ya cakuɗa su.

Shi ya sa masanan ba sa gaggawa. Sukan ja igiya su shata murabba'i, su riƙa kankare ƙasa kaɗan-kaɗan da cokalin magina, suna tankaɗe ta a rariya don kada ko ƙwayar dutsen ado ta kuɓuce. Kafin a ɗaga tsingaro ɗaya, sai an auna zurfinsa, an ɗauki hotonsa, an rubuta hawan da yake ciki, domin tono ba ya maimaituwa: hawan da aka kwashe ya tafi ke nan. Gawayin tsohon murhu kuwa ya fi tukunya mai ado daraja a wurinsu, tun da shi ake kaiwa ɗakin gwaji a auna sinadarin karbon 14, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin shekara 5,730; abin da ya rage a gawayin shi ke nuna shekarunsa.

An yi irin wannan aiki a jiharmu ta Damagaram, a Kufan Kanawa, tsohon birni mai ganuwar duwatsu wanda dattawa ke cewa daga nan Kanawa suka tashi. Baturiya Anne Haour ta yi tono a can, kuma gwajin ya nuna an zauna a wurin tsakanin wajen 1300 da 1650, wato kafin kafuwar sarautar Damagaram a ƙarni na 18. Gawayi ya faɗi lokacin zaman. Sunan mazaunan da inda suka nufa kuwa har yanzu a bakin dattawa ake jin su.