Ɗakin Amarya a Kano ta 1905: Inda Marubuta Ke Tuntuɓe

Hajara: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau hirarmu kan ƙagaggun labaran tarihi ce, irin waɗanda ake kai yarinya gidan miji a farkon zuwan Turawa. Malam Habu, me ke fara tona asirin marubucin da bai yi bincike ba?

Malam Habu: Ɗakin amaryar. Sai a ce ana cikin 1905, shekara biyu da cin Kano, amma an jera mata kwanukan kanti da akwatuna har rufi. Jirgin ƙasa fa bai iso Kano ba sai 1911, bayansa irin waɗannan kaya suka wadata. Jeren lokacin ƙore ne da faya-fayai da akussa, 'yar masu hali a ƙara mata tasoshi. Lefe ma asalinsa sunan kwandon kaba ne da ake zuba kayan a ciki.

Inna Ladi: Ga kuma kuɗi. Wuri ake kashewa, keso guda wuri dubu 20 ne. Wannan kaya ne na ɗauka, ba wanda zai zaro shi daga aljihu.

Hajara: Inna, ni abin da ya fi damuna bakin amaryar ne. Daren farko har ta fara mayar wa uwargida magana.

Inna Ladi: Haba! Wadda ba ta ko tanka wa ango sai an yi sayen baki? Ba ta faɗin sunan miji, ba ta haɗa ido da suruka, ba ta cin abinci a gabanta. Marubuci ya haƙura da dogon zance, ya koma kan hannuwanta. Budurwa kwana bakwai ake mata, bazawara uku, daga nan a shiga rabon girki, yawanci kwana bibbiyu. To ranar girkinta na farko, nan labarin yake.

Malam Habu: Ki zayyana mana, Inna.

Inna Ladi: Ta surfa dawa, ta bakace, ta wanke, ta shanya, ta durƙusa a dutsen niƙa. Ruwa ya tafasa ta yi talge, ta bari ya dahu, sannan ta riƙa zuba gari kaɗan-kaɗan tana tuƙawa da muciya. A gidansu tukunyar mutum biyar ta saba, nan kuwa ta mutum ashirin ce. Hannu ya gaji, ta antaya garin gaba ɗaya, tuwo ya yi gudaji. Ba wanda zai ce mata uffan. Da safe kawai ta tarar da akushin suruka a ƙofar ɗakinta, ko malmala ɗaya ba a taɓa ba.

Hajara: Kai, wannan ya fi zagi ciwo. To wa za ta faɗa wa damuwarta?

Malam Habu: 'Yar zaman ɗaki, ƙanwar da ake haɗo ta da ita. Ita ce ƙafarta tunda tana kulle: ta kai zaren da ta kaɗa wurin masaƙa, ta dawo da labarin gida. Marubuta kan manta da ita, sai su rasa yadda saƙo zai fita, su ƙaƙaba wasiƙa. Uwargida ma ba dole ta zama muguwa ba. Sau da yawa ita ke nuna mata inda ake ajiye daddawa da kanwa.

Inna Ladi: A lissafa goyon ciki kuma. Cikin fari in ya tsufa gida take komawa, ta haihu, ta yi wankan jego kwana 40 tana shan kunun kanwa. Wadda za ta dawo ba yarinyar da ta tafi ba ce, sai dai ɗan farin nan ba za ta kira sunansa ba, ko wasa ba za ta yi masa a gaban mutane ba.

Hajara: In kuma mutum ya matsar da labarinsa zuwa yunwar 1913 da 1914?

Malam Habu: To sai ya rage mudun da ake auno mata, ya duba wa ake fara zuba wa tuwo a gidan, wa kuma ke kankare ƙanzo.