Darasin Kiwo: Kajin Gida Don Nama, Ga Mai Shirin Farawa

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka, ya sanyin Jos? Darasinmu na yau a kan kajin gida ne, waɗanda wasu ke kira kajin Hausa, kuma kiwon nama za mu yi magana a kai.

To, kafin ka sayi ko ɗan tsako ɗaya, ka san cewa kazar gida ba ta sauri. Kazar turawa ta nama, mako 6 zuwa 8 ta isa yanka. Zakaran gida kuwa sai ya kwashe wata 5 zuwa 6, kuma ko a lokacin da ƙyar yake wuce kilo ɗaya da rabi. Me zai sa mutum ya yi wannan jiran? Nama ne. Naman kazar gida yana da tauri mai daɗi, ba ya wargajewa a tukunya, romonsa yana da ƙamshi, shi ya sa mai yin farfesu ko miyar taushe yake biyan kuɗinta ba tare da dogon ciniki ba. Ga shi kuma ita ke kwanci, ta ƙyanƙyashe, ta yi reno, ba sai kullum ka je sayen 'yan tsaki ba.

Wane iri za ka nema? Ni dai shawarata kajin Fulani, domin sun fi sauran girman jiki. Akwai shazumama mai murɗaɗɗen gashi, akwai durugu mai gajerun ƙafafu, amma ga mai neman nama ba su ne na farko ba. In kana son abin da ya ɗan fi sauri, akwai Noiler da FUNAAB Alpha, waɗanda aka inganta a nan Najeriya, wata 3 zuwa 4 zakarunsu sun kai na sayarwa. Sai dai ba su cika kwanci ba, kuma sun fi cin abinci.

Ka fara da kaɗan: kaji 8 ko 10 da zakara ɗaya. Ka saya a gidan da ka ga kajin da idonka suna kiwo. In kuwa a kasuwa ka saya, ka keɓe su mako 2 kafin su haɗu da wasu.

Yanzu ga inda nake so a kasa kunne sosai, domin a nan ake asara. Kaza tana kwana 21 a kan ƙwai, ta fito da 'yan tsaki kamar 10. Ka sake su, bayan wata guda ka ƙirga, saura 3. Shirwa ta ɗauki wasu, muzuru ya ci wasu, raɓar safe da sanyi sun kashe sauran. Sanyin nan na Disamba da Janairu a Jos, Bukuru da Vom ba wasa ba ne ga ɗan tsako. Don haka mako 6 na farko a akurki za su yi shi tare da uwarsu. Ka shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako busasshiya a ƙasa. In ka raba su da uwar, sai ka sa musu kaskon gawayi da ya riga ya ruru, ka bar 'yar kafar da iska za ta shiga, kada hayaƙi ya shaƙe su.

Ka tsuguna ka dube su da dare. In sun cure wuri ɗaya, suna hawa kan juna suna kuka, sanyi suke ji. In sun gudu jikin bango, baki a buɗe, fukafukai a sake, zafi ya yi yawa. In sun bazu suna barci shiru, to ka dace. Ruwan shansu kuma a faranti marar zurfi, ka jefa 'yan tsakuwoyi a ciki don kada su jiƙe.

Abinci, a wannan lokacin kada ka yi rowa, ka sayi na 'yan tsaki na buhu. Bayan mako 6 sai ka koma tsakin masara ko dawa, da dusa, da ɗan garin waken suya soyayye ko ƙuli-ƙuli marar gishiri, da gara in kana samu. Ganyen kabeji da ake zubarwa a kasuwar Farin Gada ma suna so. Tsakin nan da yamma za ka ba su, shi ke koya musu dawowa gida da kansu.

Sai rigakafi. Cutar nan da ke share akurki lokacin hunturu, kaza ta yi ta gyangyaɗi, kashi kore-kore, wuya ya murɗe, ita likitoci ke kira Newcastle, kuma ba ta da magani in ta shigo. Mu a Filato ba mu da uzuri, domin cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana nan Vom tun 1924, tana yin rigakafinta. Akwai mai suna I-2, wanda ya fi jure zafi, ɗigo ɗaya ake sawa a ido, a maimaita duk bayan wata 3 zuwa 4. Ka tuntuɓi malamin dabbobi ya tsara maka har da na cutar Gumboro mai kama 'yan tsaki da na ƙuraje. Kuma don Allah a daina ɗura wa kaza kafso na mutane yau, gobe a kai ta kasuwa.

Batun sayarwa, da baya za ka ƙirga. Mai son kasuwar Kirsimeti, 'yan tsakinsa su fito a Yuni ko Yuli, wato tsakiyar damina, don haka rufin akurki ya zama ba ya yoyo. Mai son ta Sallah ya ja wata 6 baya daga ranar. Zakaru za ka sayar, ka ajiye manyan 'yan matan su zama iyaye, ka riƙa canza zakaran duk shekara daga wani gida don kada iri ya tsumbure.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki ginin akurki da kayan da ke kusa da mu. A huta lafiya.