Wiliyam Marshal: Barden da Ya Yi wa Sarakunan Ingila Biyar Hidima

Assalamu alaikum, masu kallo. A wannan shiri za mu koma Ingila ta ƙarni na 12 da farkon na 13, domin mu bi tarihin Wiliyam Marshal, mutumin da aka haifa ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasa da zai gada, amma ya tsufa yana riƙe da ragamar mulkin ƙasar baki ɗaya.

A tsarin wancan zamani, ƙasa duka ta sarki ce. Shi ne ke yanka wa manyan mutanensa, waɗanda ake kira baron, yankuna da garuruwa, su kuma su yi masa caffa, su kawo masa barada da dawakai duk ranar da aka buga tambarin yaƙi. Idan baron ya mutu, babban ɗansa ne ke kwashe gadon, sauran 'ya'yan kuwa kowa ya nemi inda zai sa kansa. An haifi Wiliyam wajen shekarar 1146, kuma shi ne ɗa na huɗu ga mahaifinsa Jon Marshal, wanda ke riƙe da muƙamin kula da dawakai da tsarin fadar sarki.

Haihuwarsa ta zo a tsakiyar yaƙin basasa tsakanin Sarki Sitibin da Gimbiya Matilda, 'yar Sarki Henri na ɗaya, kuma mahaifinsa yana ɓangaren Matilda. A shekarar 1152 Sitibin ya yi wa sansanin Jon da ke Newbury ƙawanya. Jon ya nemi a tsagaita wuta, ya miƙa ɗansa Wiliyam, mai kimanin shekara biyar, a matsayin jingina cewa ba zai ƙara ƙarfin sansanin ba, amma da sarki ya ja baya sai ya cika wurin da dakaru da abinci. Aka aika masa cewa za a rataye yaron. Amsar da aka ruwaito daga bakinsa ita ce, har yanzu yana da masaba da uwar maƙerar da zai ƙera 'ya'yan da suka fi wannan. An kai yaron gindin igiya, aka kuma yi barazanar cilla shi cikin sansanin da na'urar jifan duwatsu, amma zuciyar Sitibin ta ƙi, har aka ruwaito cewa an ga sarkin zaune a cikin tantinsa yana wasan yaƙi da yaron da karan ciyawa. Wannan labari, da mafi yawan abin da za ku ji a nan, ya zo mana ne ta wata doguwar waƙa mai layi fiye da 19,000 da babban ɗan Wiliyam ya sa aka tsara bayan rasuwar mahaifinsa, don haka dole mai sauraro ya riƙa tuna cewa 'yan gida ne suka biya mawaƙin.

Da ya kai shekara goma sha biyu ko sha uku, aka tura shi Nomandi, wani yanki na arewacin Faransa da ke ƙarƙashin sarkin Ingila a lokacin, gidan wani ɗan'uwan mahaifiyarsa mai suna Wiliyam na Tancarville, inda ya koyi hawa da riƙon mashi da ladabin fada. An ɗaura masa takobin barde a 1166. A yaƙinsa na farko ya nuna jarumta, amma aka kashe masa doki, kuma bai kama kowa ba balle ya karɓi fansa, har manya suka riƙa yi masa ba'a, domin a wancan lokaci barden da bai iya mayar da jarumtarsa dukiya ba bai gama koyon sana'arsa ba.

A 1168 yana cikin rakiyar kawunsa Patrik, mai mulkin Salisbury, wanda ke tsaron Sarauniya Elino, matar Sarki Henri na biyu, a yankin Poitou na Faransa, sai 'yan gidan Lusignan suka yi musu kwanton ɓauna. Aka kashe kawun nasa yana ƙoƙarin hawa doki ba sulke a jikinsa. Wiliyam ya jingina bayansa da shinge ya yi ta faɗa, har wani ya zagayo ta baya ya soke shi a cinya, aka tafi da shi. Sarauniyar ce ta biya fansarsa, kuma wannan ne ya buɗe masa ƙofar gidan sarauta. A 1170 aka naɗa shi mai koya wa Yarima Henri dabarun yaƙi, wato ɗan Sarki Henri na biyu, wanda aka yi wa naɗin sarauta tun mahaifinsa yana raye.

Shekarun da suka biyo baya su ne na gasar barada a arewacin Faransa, kuma ya kamata a fahimci cewa gasar nan ƙaramin yaƙi ce. Barada ɗaruruwa ne ke rabuwa gida biyu, su gwabza a fili mai faɗin da ya haɗa gonaki da ƙauyuka, da makamai na gaske. Wanda aka kama, dokinsa da sulkensa sun zama na wanda ya kama shi, sannan ya biya fansar kansa. Wiliyam ya gwanance wajen cafke linzamin dokin abokin karawa ya ja shi waje da ƙarfi. Ya ƙulla haɗin gwiwa da wani barde mai suna Roja na Gaugi, kuma wani magatakarda ya lissafa cewa sun kama barada 103 cikin wata goma. Akwai ranar da aka neme shi domin a ba shi kyautar gwarzon gasa, sai aka same shi a maƙera, ya ɗora kansa a kan uwar maƙera, maƙeri yana ta fama da guduma da awartaki domin ya cire masa kwalkwalin da duka ya lotsa ya maƙale masa.

Yarima Henri ya rasu a 1183 yana cikin tawaye ga mahaifinsa. Kafin ya cika, ya damƙa wa Wiliyam alkyabbarsa, ya roƙe shi ya kai ta Ƙudus domin cika wani alwashi da ya yi. Wiliyam ya tafi, ya zauna kusan shekara biyu a ƙasar da a lokacin ke hannun mayaƙan Turai, ya baro ta kafin Salahuddin ya karɓe birnin a 1187. Daga can ya sayo yadin siliki biyu ya ɓoye, da niyyar a rufe gawarsa da su.

Ya dawo ya shiga hidimar Sarki Henri na biyu, kuma a nan ne halin da ya ɗaga shi ya fito sarai. A 1189 sarkin ya tsufa, ba shi da lafiya, ɗansa Ricad ya haɗa kai da Sarki Filib na Faransa suna korarsa, fadawa kuwa suna ta sulalewa zuwa wurin mai jiran gado. Lokacin da sarkin ke gudu daga birnin Le Mans, Wiliyam ya tsaya a baya domin ya tare masu bin sawu, sai ga Ricad da kansa a sukwane, ba sulke. Ricad ya yi ihu kada a kashe shi tunda ba shi da kariya. Wiliyam ya karkata mashinsa ya soke dokin, ya bar yariman a ƙasa. Bayan 'yan makonni Henri ya rasu a Chinon, Ricad ya zama sarki, kowa kuma ya zaci Wiliyam ya gama yawo. Da suka haɗu, Ricad ya ce masa ya so ya kashe shi, Wiliyam ya amsa cewa hannunsa yana da ƙarfin kai mashi inda ya nufa, kuma doki ya nufa. Ricad ya gane cewa mutumin da ya ƙi barin tsohon sarki a ranar da kowa ya gudu, shi ne wanda sabon sarki ya fi bukata.

Ladan da ya samu shi ne aure. A watan Agusta na 1189, yana da shekara kusan 43, ya auri Isabel de Clare a Landan, budurwa mai kimanin shekara 17, 'yar Ricad de Clare da ake wa laƙabi da Strongbow, kuma jikar sarkin Leinster na Ailan ta wajen uwa. Da wannan aure barden da ba shi da ƙasa ya wayi gari da Chepstow a iyakar Wales, da Leinster a Ailan, da Longueville a Nomandi, sannan a 1199 aka ba shi sarautar Pembroke. Sun haifi 'ya'ya goma, maza biyar da mata biyar. Ya ƙarfafa ganuwar Chepstow, ya gina katafaren hasumiyar dutse a Pembroke, ya kafa garin New Ross mai tashar jiragen ruwa. Isabel kuwa tana zama a majalisarsa, kuma shi da bakinsa ya shaida wa mutanensa a Kilkenny cewa ba shi da komai a ƙasar sai ta dalilinta.

Zamanin Sarki Jon ne ya fi gwada shi. Da Ricad ya rasu a 1199, Wiliyam ya goyi bayan Jon, ƙanen Ricad, a kan ɗan ɗan'uwansu Ata, duk da gargaɗin babban limamin cocin Canterbury cewa zai yi nadama. A 1204 Faransa ta ƙwace Nomandi, kuma domin kada ya rasa Longueville, Wiliyam ya je ya yi wa Sarki Filib caffa a kan wannan yanki, daga baya kuma ya ƙi bin Jon zuwa yaƙi da Filib. A nan ba za a wanke shi ba: ya fifita gonakinsa a kan bukatar ubangidansa, duk ƙoƙarin da mawaƙin gidansa ya yi na gyara labarin. Jon ya karɓi 'ya'yansa maza biyu a matsayin jingina, ya riƙe shi a fada, ya kuma zuga wakilinsa a Ailan, Meiler FitzHenry, ya afka wa Leinster. Isabel tana da juna biyu a lokacin, amma ita da baradan mijinta suka tsare ƙasar har suka karya maharan. Abin lura shi ne, duk wannan wulaƙanci bai sa Wiliyam ya ɗaga takobi a kan Jon ba. Da manyan ƙasar suka yi tawaye, yana cikin masu shiga tsakani har aka amince da yarjejeniyar Magna Carta, wadda ta taƙaita ikon sarki, a Runnymede a watan Yuni na 1215, shi yana gefen sarki, babban ɗansa kuma yana cikin 'yan tawaye.

Jon ya rasu a watan Oktoba na 1216, ya bar ɗa mai shekara tara, baitulmali a bushe, Landan da rabin ƙasar kuma a hannun Yarima Luwis na Faransa wanda 'yan tawaye suka gayyato. Aka naɗa yaron a Gloucester da sunan Henri na uku, manyan da suka rage suka roƙi Wiliyam, mai shekara kusan 70, ya riƙe masa mulki. Ya yi jinkiri kafin ya karɓa, sannan ya ce ko da kowa zai watse, zai ɗauki yaron a kafaɗarsa daga tsibiri zuwa tsibiri, ko da bara zai yi ya ciyar da shi. Matakinsa na farko na basira ne: ya sake fitar da Magna Carta da sunan sabon sarki, bayan an cire sassan da suka fi jawo rigima, wanda hakan ya raba 'yan tawaye da babbar hujjarsu.

Sauran aikin takobi ne ya yi shi. A ranar 20 ga Mayu 1217 ya isa Lincoln da barada kimanin 400, inda wata dattijuwa mai suna Nikola de la Haye ta daɗe tana tsare sansanin sarki daga masu ƙawanya. Ya shigar da maharba ta cikin sansanin suka hau ganuwa suna harbin dawakan abokan gaba, shi kuma ya kutsa ta wata tsohuwar ƙofa da aka toshe. Ɗoki ya sa har ya zaburi doki ba kwalkwali, sai da wani yaronsa ya tsayar da shi. A gaban babban cocin garin aka kashe jagoran Faransawa, Tomas na Perche, bayan ya sauke wa Wiliyam sara uku a ka. A watan Agusta aka tarwatsa jiragen da ke kawo wa Luwis ɗauki a kusa da Sandwich, a watan Satumba kuma aka yi sulhu. Wasu sun zarge shi da sassauci domin ya yafe wa 'yan tawaye, ya kuma biya Luwis kuɗi mai yawa ya tafi, amma ƙasar da yaƙi ya cinye ba ta da ƙarfin ɗaukar fansa, kuma a ganina ya yi daidai.

A farkon 1219 ciwo ya kwantar da shi a gidansa na Caversham. Ya miƙa amanar yaron sarki ga wakilin Fafaroma, ya sa aka ɗauko yadin silikin da ya ajiye fiye da shekara 30, ya shiga ƙungiyar baradan Templar, wato baradan da suka sadaukar da kansu ga hidimar coci, kamar yadda ya yi alkawari tun a Ƙudus, ya yi bankwana da Isabel. Da aka ce masa malaman coci suna cewa sai ya mayar da duk abin da ya ci a gasa, ya amsa cewa sun tsananta, domin ya kama barada 500, kuma ba shi da hanyar mayar musu. Ya rasu a ranar 14 ga Mayu 1219, aka binne shi a cocin Temple da ke Landan. Isabel ta bi shi a 1220.

'Ya'yansa maza biyar sun gaji sarautar ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda ya bar magaji na halal. Wiliyam ƙarami ya rasu a 1231. Ƙanensa Ricad ya yi wa Henri na uku tawaye, ya mutu a Ailan a 1234 sakamakon raunin yaƙi. Gilbat ya faɗo daga doki a wurin gasa ya mutu a 1241, Walta da Anselm kuma suka rasu a ƙarshen 1245, makonni kaɗan tsakaninsu. Mutanen zamanin sun danganta wannan da bakin wani limamin cocin Ferns a Ailan, wanda Wiliyam ya ƙwace wa filaye. Aka raba ƙasashen tsakanin zuriyar 'ya'yansa mata biyar. Muƙamin Marshal, wato na kula da dawakai da tsarin fada, ya bi ta hannun babbarsu, Maud, zuwa gidan mijinta na Norfolk, kuma a yau mai riƙe da sarautar Norfolk ne ke ɗauke da shi, shi ne kuma ke shirya bikin naɗin sarakunan Birtaniya da jana'izarsu.