Yagaggen Naman Sa a Tukunyar Lantarki: Ki Ɗora da Safe, Ki Ci da Dare

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau girkin Amurkawa za mu taɓa, amma da naman sa.

Asalinsa daga jihohin kudancin ƙasar Amurka yake, musamman Karolina ta Arewa da ta Kudu, inda ake gasa kafaɗar alade a kan garwashin itace kusan wuni guda, har naman ya saki a yayyage shi. Mu da ba ma cin alade, kafaɗar sa za ta yi mana aikin tsaf. Maimakon garwashi kuma, ga tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali. Kamfanin Rival ne ya fito da ita kasuwa a 1971 da sunan Crock-Pot, ta kuma samu karɓuwa wajen matan da ke fita aiki tun safe.

To uwargida, girkin nan daga teburin mahauci yake farawa. Ki ce masa, "Malam, kafaɗa ko ƙirji nake so, mai jijiya da ɗan kitse, kilo 2, kuma kada ka yanka mini ƙanana." Gida huɗu ya isa. Zai so ya tura miki tsokar cinya don ta fi kyan gani. Kada ki yarda. Tsoka zalla in ta daɗe a wuta bushewa take yi, ki yi ta tauna kina neman ruwa.

Dubi farin zaren nan da ya ratsa naman. Shi ne kolajin. Idan zafi ya haura digiri 70 a ma'aunin salshiyas, kuma ya ɗauki awanni a haka, sai ya narke ya zama wannan danƙon da kike gani a romon ƙafar saniya idan ya huce. Shi ke jiƙa naman ta ciki, shi ke sa zaren tsoka ya rabu ba tare da kokawa ba. Wuta mai ƙarfi ba ta ba shi lokacin narkewa, shi ya sa gaggawa ba ta da amfani a nan.

Kayan haɗi: gishiri, garin tattasai, masoro, tafarnuwa, citta, ɗan barkono, da sukari cokali 1. Ki murje naman da su lungu-lungu, tun da dare ma in da hali, ya kwana a firij. Da safe ki soya kowane gefe a mai kaɗan har ya yi ja. Ana iya tsallake suyar, amma ni ba na tsallakewa, minti 10 ɗin nan ne ke kawo ƙamshi.

Yanzu ki shimfiɗa albasa manya guda 2 a ƙasan tukunya, nama a kai, tumatirin gwangwani cokali 2, sai ruwan kal cokali 3. Mutanen gabashin Karolina ta Arewa da ruwan kal da barkono suke haɗa miyarsu, don tsami ne ke karya maiƙo. In babu shi, jiƙaƙƙiyar tsamiya ta wadatar.

Ruwa kuma rabin kofi kawai. Na san hannunki zai so ya ƙara. Murfin ba ya barin tururi ya tsere, nama da albasa kuma za su fitar da nasu ruwan.

Ki sa a ƙaramin zafi awa 8, ko babban zafi awa 5. Ki bar murfin nan ya huta, duk buɗewa ɗaya tana ja miki ƙarin kusan minti 20.

Sai maganar wuta, wadda ba wasa ba ce a wajenmu. Tukunyar ba ta cin wuta sosai, yawanci wat 200 zuwa 300 ne, sola mai ƙarfin batir za ta iya riƙe ta. Amma in NEPA kaɗai kika dogara da ita, kada ki ɗora ki fita. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, naman da ya yi sama da awa 2 a wannan ɗumin ba abin ci ba ne. In kina gida aka ɗauke, ki juye a tukunya mai kauri ki ƙarasa a kan gas, wuta can ƙasa. Daskararren nama ma haka, sai ya narke a firij tukuna kafin ya shiga.

Ga shi mun buɗe. Ki soka cokali mai yatsu ki murɗa. Ya juya ba gardama? Ya yi. In ya cije, ki ƙara masa awa 1. Ki tsame, ki yayyage da cokula biyu, ki kwashe man da ya taso saman romon, ki mayar da naman ciki ya sha na minti 15.

Su can a burodi suke cusa shi da yankakken kabeji. Yana tafiya da shinkafa, da gurasa, da soyayyen dankali. Ragowar ta kwana 3 zuwa 4 a firij, ko ki baza ta a kasko da ɗan mai da yaji, ki soya har ta bushe, yara su samu dambun nama na tafiya makaranta.