Sharhi: Fensir Ko Madannai, Da Wanne Yaro Zai Fara Rubutu?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan 'yan firamare ne, 'yan aji ɗaya zuwa uku, waɗanda hannunsu bai gama sabawa da riƙon fensir ba, amma tuni ake ta maganar a ɗora musu kwamfuta a kan benci. Duk inda aka buɗe sabuwar makarantar kuɗi a birni, abin da ake fara nuna wa iyaye shi ne ɗakin kwamfuta. Gwamnatoci ma idan za su yi shelar sun gyara ilimi, hoton da suka fi son a ɗauka shi ne na yaro rungume da na'ura. Ni ba na adawa da wannan, kuma zan faɗi dalili nan gaba. Abin da nake so mu tsaya mu duba shi ne wanne ya kamata ya rigayi wani, domin waɗanda suka riga mu shiga wannan hanya sun dawo da labari, kuma ya kamata mu saurara.

Mu fara da ƙasar Suwidin. Ƙasa ce mai arziki, wuta ba ta ɗaukewa, intanet ya kai kusan kowane gida, kuma ta yi shekaru tana cusa kwamfutar hannu a azuzuwa, har da na 'yan share fage da ba su kai shekara 6 ba. A shekarar 2023 ministar makarantu ta lokacin, Lotta Edholm, ta fito ta ce an yi gaggawa, a dawo wa yara da littattafan takarda da rubutun hannu. Gwamnati ta ware kuɗin ƙasar kurona miliyan 685 a wannan shekarar kaɗai don sayen littattafai. Daga cikin abin da ya ja hankalinsu akwai sakamakon gwajin karatu na ƙasa da ƙasa da ake yi wa 'yan aji huɗu: a 2016 yaran Suwidin sun sami maki 555, a 2021 suka sauko zuwa 544. Gaskiya ne ba na'ura kaɗai aka ɗora wa laifin ba, wasu masana sun ambaci annobar korona da wasu dalilan, kuma ko da wannan faɗuwar yaran nasu suna gaban na ƙasashe da yawa. Amma a ce ƙasar da take da duk kayan zamani ita ce ta tsaya ta ce a mayar wa ƙananan yara fensirinsu, wannan abin lura ne.

Me ke cikin rubutun hannu da har ake wannan kai-komo a kansa? A Jami'ar Indiana ta Amurka, wata malama mai suna Karin James ta yi bincike da aka wallafa a 2012, da yara 'yan shekara 5 waɗanda ba su iya karatu ba tukuna. Aka sa su yi aiki da haruffa ta hanya uku: su zana harafi da hannunsu a kan farar takarda, ko su bi ɗigo-ɗigon da aka shata musu, ko su danna shi a madannai, wato maɓallan haruffa na kwamfuta. Daga baya aka sa su cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ana nuna musu haruffan. Sassan ƙwaƙwalwar da manya ke amfani da su wajen karatu sun fi motsawa ne idan harafin yaro ya zana shi da kansa. A Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Norwe da ke Trondheim ma, masu bincike Audrey van der Meer da Ruud van der Weel sun auna ƙwaƙwalwar ɗalibai suna rubutu da alƙalami da kuma suna bugawa a madannai, suka ga sassan ƙwaƙwalwa sun fi haɗa kai da juna lokacin rubutun hannu.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Yaron da zai rubuta harafin "b" sai ya ja sanda daga sama zuwa ƙasa, ya yi mata ciki a dama. Idan "d" ne, cikin ya koma hagu. Hannunsa yana yi, idonsa yana bi, ya karkace, ya goge, ya sake. Wannan karkacewar da muke yi wa yara faɗa a kanta, ita ce ke koya musu cewa harafi ɗaya ne ko ya yi ƙiba ko ya rame, ko ya jingina ko ya miƙe. A madannai kuwa, danna "b" da danna "d" motsi ɗaya ne, yatsa ne ya sauka a wuri dabam kawai.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan hikima. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san yadda abin yake. Malam ya rubuta maka babbaƙu, ka bi da yatsa kana faɗa da ƙarfi, ka wuce zuwa farfaru, ka biya, ka wanke allo, ka jingine shi ya bushe. Ranar da aka ce ka kai ka riƙa rubuta wa kanka, ka fiƙe alƙalaminka na gamba, ka tsoma a tawada, hannu yana rawa, ranar ce ka san ka girma. Kakanninmu ba su da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, amma sun san abin da hannu ya rubuta ya fi zama a zuciya. Saboda haka idan na ce a bar wa yaro fensirinsa a shekarun farko, ba koyi da Turawa nake cewa mu yi ba.

To amma akwai ɗaya gefen, kuma shi ma gaskiya ne. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Hukumar WAEC ita ma ta fara gwada tata ta kwamfuta da ɗalibai masu zaman kansu a 2024. Kowace shekara muna ganin yaran karkara da suka yi karatu tsakani da Allah, su shiga ɗakin jarrabawa, a zaunar da su gaban na'urar da ba su taɓa taɓawa ba, minti goma na farko su tafi wajen neman yadda za a matsa zuwa tambaya ta gaba. Wannan zalunci ne da muka yi musu tun suna ƙanana ba tare da mun sani ba. Neman aiki, cike takardar makaranta, tura kuɗi, rubuta wa hukuma koke, duk sun koma kan madannai. Wanda ya ce a hana yaranmu na'ura kwata-kwata, ya shirya musu zama 'yan kallo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa na'urar da kanta za ta koyar. Ƙasar Peru ta gwada haka. Ta shiga shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda a nan ma aka taɓa gwadawa a wata firamare a Galadima da ke Abuja a 2007. Peru ta raba sama da kwamfuta 800,000. Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi sawu a makarantun karkara 319, ya fitar da rahoto a 2012. Yaran sun iya sarrafa kwamfuta, wannan babu shakka, amma ba a ga ƙarin ci gaba a lissafi ko a harshe ba. An kai kaya, ba a shirya malamin da zai yi aiki da su ba. Hukumar UNESCO a rahotonta na ilimi na 2023 ta ja kunnen gwamnatoci a kan irin wannan, cewa a fara tambayar abin da na'urar za ta ƙara wa karatun yaro kafin a saye ta.

Na taɓa ziyartar wata firamare, ba zan faɗi sunanta ba. Shugaban makarantar, dattijo mai kirki, ya nemo mabuɗi ya buɗe mini ɗakin kwamfuta. An jera su an lulluɓe da leda, ƙura ta kwanta a kai har kana iya rubuta sunanka da yatsa. Na ce, "Malam, yaushe rabon da yara su shigo nan?" Ya ce tun ranar da aka zo buɗewa, domin babu wuta, kuma in wani abu ya lalace shi za a tuhuma. A aji na gaba kuwa na tarar da yara zaune a ƙasa, uku suna karɓa-karɓa da guntun fensir ɗaya. Har yau idan na tuna wannan rana raina yana ɓaci, saboda kuɗin kwamfuta guda daga cikin waɗancan da ya wadatar da ajin nan da fensir da littafin rubutu na tsawon shekara.

Duk da haka akwai wurin da na'ura ke yin abin da fensir ba zai iya ba, kuma a Suwidin ɗin aka nuna shi. A garin Sollentuna, wasu masu bincike biyu, Annika Genlott da Åke Grönlund, sun bi wata hanyar koyarwa inda yara ke rubuta gajerun labarai a kwamfuta, su sa a wurin da 'yan ajinsu da malaminsu za su karanta, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya yi kyau da abin da za a gyara, sannan mai rubutun ya koma ya gyara. Yaran da aka koyar ta wannan hanya sun fi sauran a jarrabawar ƙasa. Waɗanda aka ba na'ura ba tare da wannan tsari ba kuwa, su suka zo ƙarshe, har waɗanda ba su da na'urar ma sun fi su. Ashe sirrin yana wajen samar wa rubutun yaro mai karantawa. Yaron da ya san ƙawayensa ko kakarsa za su ji abin da ya rubuta, ba ya rubutu irin na wanda ya san jan biro kaɗai ke jiransa.

Wannan kuwa ba ya buƙatar kwamfuta 40 a aji. Na ga wata malamar aji uku tana yi da wayarta kaɗai. Ranar Litinin ta ce kowa ya je ya sa a yi masa tatsuniya a gida, ya rubuto ta da fensir, layi biyar ko shida. Talata su karanta wa juna, su gyara. Laraba ta zaɓi uku, masu labarin su zo teburinta ɗaya bayan ɗaya su buga nasu a waya da yatsunsu, ta ɗauki hoton zanen da suka yi na Gizo da Ƙoƙi ta haɗa. Ƙarshen mako ta kai shagon buga takardu a bakin kasuwa, a fitar mata, ta liƙa a bangon aji da sunan kowa a ƙasa. Wata yarinya, da ta ga sunanta a buge kamar na cikin littafi, ta tsaya tana shafa takardar, ta ce, "Malama, zan iya kai wa Baba ya gani?" Yarinyar nan ta koyi rubutu, ta koyi gyara, ta koyi madannai, duk a mako guda, kuma hannunta ne ya fara.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu kaɗai, wanda duk rahotannin can ba za su faɗa mana ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu a Najeriya muke sa 'y, ba sa kan madannan da ake kawo mana. Yaro ya rubuta "ƙafa" daidai a littafinsa, ya zo na'ura ya rasa ƙ, ya buga "kafa". Ya so ya ce "baƙi" sun zo gidansu, ya buga "baki". Wani lokacin ma manhajar da ke gyara kalmomi ta ja masa jan layi a ƙarƙashin kowace kalmar Hausa, ko ta sauya masa ita da ta Turanci, yaro ya tashi da tunanin harshensa ne kuskure. Ku duba yadda manya ke rubuta Hausa a Facebook da WhatsApp, ku ga inda muka dosa: an watsar da lanƙwasa, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, "ya ce" ta koma "yace", "ba ni" ta koma "bani". In muka miƙa wa ɗan shekara 7 na'ura a haka, wannan rubutun zai ɗauka a matsayin daidai. Alhali maganin yana nan kyauta: manhajar madannai ta Gboard tana da Hausa, a cikin minti biyu ake saita ta. Duk makarantar da za ta sa yara rubutu a na'ura, wannan ne aikinta na farko, kafin ma a kunna wa yaro.

Ga masu riƙe da kasafin ilimi a jihohi da ƙananan hukumomi, roƙona shi ne ku bi abin daki-daki. A aji ɗaya da biyu, ku tabbatar kowane yaro yana da fensir nasa, da littafin rubutu, da wurin ɗora shi, da littafin karatu a harshen da yake ji. Shirye-shirye irin su RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, sun riga sun samar da irin waɗannan littattafai da Hausa, ba daga farko za a fara ba. Daga aji uku a fara shigo da madannai kaɗan-kaɗan, don buga abin da yaro ya riga ya rubuta da hannunsa. In kuɗin na'ura guda ne kawai, a ba malami, a haɗa masa da ƙaramin faifan sola na caji, a horar da shi ba na kwana biyu a otal ba, a riƙa zuwa ajinsa ana ganin yadda yake yi. Kada kuma a sa shi rantsuwar biyan abin da ya lalace, don ranar da aka yi haka ranar zai kulle ta a akwati.

Ku kuma iyaye, musamman iyaye mata da wayar ta fi zama a hannunku da yamma, idan yaro ya ce a ba shi ya yi kallo, ku ce ya fara kawo littafinsa ya rubuta wa kawunsa da ke Legas ko gwaggonsa da ke Maraɗi gaisuwa ta layi uku. Ya gama, ku duba tare, sannan ku miƙa masa wayar ya buga ta da kansa ya tura. In amsa ta dawo, shi za ku ba ya karanta muku.

Masu sauraro, a nan muka kawo ƙarshen sharhin na yau. A huta lafiya.