Bayan an ba da gurbi: yadda jami'a ke shirya wa ɗalibai masu buƙata ta musamman

Ku dubi matakalar nan da ke ƙofar ɗakin lacca. Hawa uku ce kacal, mai ƙafa ba ya ma lura da ita. Amma ɗalibar da ke kan keken guragu, nan tafiyarta ke tsayawa, sai ta jira wasu sun zo sun ciccibe ta, yau da gobe har shekara 4. Ta ci jarrabawa, ta samu gurbi, sunanta na cikin rajista. Wanda ya zana ginin ne bai yi lissafi da ita ba.

Jama'a, a wajen ɗaukar ɗalibai an daɗe da tsari. Jami'o'in tarayya na ba da kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a fannin ilimi. Tun 2017 kuma hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawa a wasu cibiyoyi, har da Kano. Wahalar tana farawa ne bayan an shigo.

Doka ma akwai ta. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara yadda kowa zai iya shiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024.

To, ta ina ake farawa? Da ƙidaya. Tun ranar rajista a tambayi ɗalibi abin da yake buƙata, cikin sirri da mutunci. Jami'ar da ba ta san yawan makafinta da kuramenta ba, ta yaya za ta sa su a kasafin kuɗi?

Sai gini. Gangarar keke tana da ƙa'ida: duk tsayin santimita 10 na buƙatar tsawon santimita 120. Matakalar nan mai hawa uku, in tsayinta ya kai santimita 45, gangararta sai ta haura mita 5. Shi ya sa ɗan simintin da ake liƙawa a gefen ƙofa, mai tsayuwa kamar tsani, ba ya amfanar kowa, hatsari ne ma. In tun a takarda aka zana gangarar, kuɗin kaɗan ne. In sai an gama gini a zo ana fasawa, nan ake cewa babu kuɗi. Haka ƙofar banɗaki da keke ba ya wucewa, da lambatun da aka bari a buɗe a hanyar da makaho ke bi da sandarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne gyaran da ba ya cin ko kwabo amma ba a yi. Mai tsara jadawali ya sauko da ajin ɗalibar nan daga bene zuwa ƙasa. A ba ta ɗakin ƙasa a hostel. Malami ya tura wa makaho takardun darasi ta waya, domin manhajar da ke karanta rubutu ta karanta masa, amma fa ba hoton shafi ba, rubutun kansa. A bar shi ya naɗi lacca. A ƙara masa lokaci ranar jarrabawa. Zabiya mai raunin gani ya samu kujerar gaba da rubutu mai manyan baƙaƙe.

Kurame kuwa sai da tafinta, kuma wannan na buƙatar albashi. Jami'ar Ilorin na da cibiya ta musamman domin haka. A lura kuma, yaren hannun da ake koyarwa a makarantun kurame ya samo asali ne daga na Amurka, ya bambanta da maganar hannu da kuramen Kano ke yi a gari. Tafintan da zai fassara darasin kimiyyar haɗa magunguna dole ya san darasin shi ma.

Tsarin ya shafi wasu da dama: mai shayarwa da ke neman inda za ta ajiye jariri, mai sikila da ciwo ya tasar masa ranar gwaji, jadawalin da bai kamata ya ci karo da sallar Juma'a ko zuwa coci ranar Lahadi ba.

Wa zai zauna a kwamitin da ke tsara duk wannan? Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. Kafin a amince da zanen sabon gini, ko na TETFund ne, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ko na wani mai taimako, a shimfiɗa shi a gaban waɗannan ɗaliban. Sannan injiniyoyin jami'a su bi ɗalibar nan da ƙafa, daga hostel zuwa laburare, su rubuta duk inda kekenta ya tsaya.