Batirin Lemun Tsami: Daga Ina Wutar Take Fitowa?

Assalamu alaikum, malamai da ɗalibai. Na baya ku ɗan matso, don abin ƙarami ne, sai an kusa ake gani.

Ga lemun tsami, na murza shi a kan tebur don ruwansa ya saki. Ga ƙusa mai ruwan zinki, wato farin ƙarfen nan da ake shafe kwanon rufi da shi don kada ya yi tsatsa. Ga kuma guntun wayar jan ƙarfe. Zan soka kowanne a gefe, ba tare da sun taɓa juna ba. Na haɗa su da waya zuwa mitar auna wuta. Ku dubi mita: ta nuna kusan bolt 0.9, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin wuta.

To, a nan ne nake so mu tsaya, domin yawanci sai a ce wutar lemo ce. A'a. Ƙarfin daga zinki yake fitowa. Tsamin lemon yana cin zinkin a hankali, shi kuma yana sakin ƙwayoyin lantarki, su bi waya su tafi wajen jan ƙarfe. Lemon hanya ya ba su kawai. Shi ya sa dankali ma yana yi, ruwan gishiri yana yi, ruwan kal yana yi. Amma ku soka ƙusa biyu iri ɗaya, mita ba za ta ce muku uffan ba. Dole ƙarfe biyun su bambanta.

Abin da Alessandro Volta na Italiya ya gane ke nan, har ya fito da batirin farko a 1800. Ya jera faifan zinki da na jan ƙarfe bisa juna, tsakaninsu da tsumma jiƙe da ruwan gishiri. Daga sunansa aka samo bolt ɗin da muke aunawa.

Wani zai tambaya ko zai caja waya. Ba zai yi ba, wutar da ke gudana kaɗan ce ƙwarai. Amma ku haɗa lemo huɗu a jere, jan ƙarfen wannan da ƙusar na gaba, ƙaramin jan ƙwan LED zai kama, musamman in kun rufe taga. In ya ƙi, ku juya ƙafafunsa, don ta hanya ɗaya yake karɓar wuta.

Kuma don Allah, lemon da aka yi gwaji da shi a zubar, kada yaro ya sha, zinki ya riga ya narke a ciki.